Jirgin Gawar Sarki Nikomas

A ƙasar Yunanawa, tun zamanin da mutane ke yanka wa gumaka bijimai suna neman amsa a cikin hayaƙi, an yi wani birni a bakin teku mai suna Kalidira. Mutanen birnin nan suna da wata rana da suke kira Ranar Igiya. In ta zagayo, sai a toya gurasa a raba kyauta, tsofaffi su zauna suna nuna wa jikoki tabon da igiya ta bar musu a tafin hannu, kowa na rantsuwa shi ya fi kowa ja. Ba mai yi musu gardama, domin wanda ya tsallake rijiya da baya, ko ya ƙara gishiri a labarinsa an yafe masa. Ga yadda ranar ta samo asali.

A ƙarshen mulkin Sarki Nikomas, birnin ya shiga halin gaba kura baya siyaki. Ta tudu, Sarki Gorgas na mutanen duwatsu ya kewaye ganuwa da mayaƙa, yana neman fansar ɗansa da ya faɗi a fagen fama a hannun Kaliston, Sarkin Yaƙin Kalidira. Ta ruwa kuma, wani dodo ya zo ya tare a cikin kogon da ke ƙarƙashin dutsen mashigi, inda dole kowane jirgi ya bi kafin ya shigo gari.

Mu nan ba mu da irin wannan halitta a kogunanmu, don haka bari in kwatanta. A tekun can akwai wani abu da suke kira mai-takwas: kai ne kawai da hannaye takwas, ba ƙashi ko ɗaya a jikinsa, kowane hannu jere da abin mannewa kamar ƙahon wanzami. Ƙananansu ba su wuce a riƙe da hannu ɗaya ba, mutanen Kalidira ma gasa su suke yi su ci. To, dodon nan irinsu ne, sai dai kansa ya kai rumbu, hannunsa guda ya fi giginya tsawo. In jirgi ya zo wucewa, sai ya miƙo hannu ya rungume shi, a ji katako na kuka, shi ke nan.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Timanto, Sarkin Ruwa, ƙanen Kaliston uwa ɗaya uba ɗaya. Ya fita da jiragen yaƙi ya gwabza da dodon, ya ga mashi na nutsewa a jikinsa kamar a cikin ƙullu, ya dawo da rabin matuƙansa. Ga jiragen alkama da wani birni abokin amana ya aiko, ɗauke da mayaƙa, sun tsaya can bayan mashigi. Daga kan ganuwa ana hango su sarai, yara na nuna su da yatsa suna kukan yunwa, amma ba matuƙin da zai yarda ya matso.

Ana cikin haka manzon Gorgas ya iso fada, ya ƙi ko durƙusawa. Ya ce, "Ubangidana ya ce a gaya wa Sarkin Kalidira, ba ya son ganuwarku, ba ya son zaitunku. Mutum ɗaya yake so. Ku ba shi Kaliston a ɗaure, ya kwashe mayaƙansa ya koma dutse. Zan dawo ranar da sabon wata ya tsaya, da igiyata a hannu."

Manzo ya fita. Waziri Difilo ne ya fara gyara murya. Mutum ne mai zaƙin baki, ya daɗe yana jin haushin yadda 'yan'uwan nan biyu suka riƙe tudu da ruwa, aka bar shi da riƙon sandar girma kawai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hadarin teku, bangon Kalidira. Ba wanda ya kai ni ƙaunar Sarkin Yaƙi. Amma uwaye na binne jarirai a bayan ɗaki. Kan mutum ɗaya ne ake nema, kawunan gari kuwa ba su ƙirguwa. Gunkin teku ya yi fushi da mu, shi ya turo bawansa ya tsare mana ƙofa, kuma ba a ja da abin da ya fi ƙarfin mashi."

Timanto ya zabura zai yi magana, wansa ya danne masa kafaɗa. Kaliston ya miƙe, ya kwance takobinsa ya ajiye a gaban Sarki. Ya ce, "Zaki, ni na kashe yaron, a fili, fuska da fuska, kuma ban yi nadama ba. In kaina zai ciyar da gari, to ai ya yi araha."

Sarki Nikomas tsoho ne tukuf, ya dubi takobin nan. Ya ce, "In alkama ta shigo kafin wata ya tsaya, manzo ya koma da igiyarsa. In ba ta shigo ba, na ba da kai, Sarkin Yaƙi, kuma kunyar tawa ce ba taka ba." Aka sa wa Kaliston mari a ƙafa, aka kai shi ɗakin tsaro da ke gindin fada.

Timanto ya fita daga fada. Wan nan nasa shi ya goya shi bayan rasuwar ubansu, shi ya koya masa riƙon garkuwa, shi ya nema masa aure. Kwanaki suka yi ta tafiya, wata na ƙanƙancewa, shi kuwa kullum yana bakin mashigi yana kallon ruwa, ba dabara ko ɗaya da ta zo masa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar yaƙi.

Wata rana da hantsi ya je duba wansa, ya same shi zaune yana cin gasasshen mai-takwas da wani masunci ya aiko masa don tausayi. Kaliston ya tura masa akushin. "Zauna ka ci, ƙanena. Fuskar nan taka sai ka ce kai za a miƙa."

"Yaya, ka bar wasa."

"To me zan yi, kuka? Saurara. Yaran nan nawa, ka riƙe su. Babban yana da taurin kai, kada ka doke shi, ni na ba shi gado. Ƙaramar kuwa ba ta barci sai an yi mata labari."

Timanto ya sunkuyar da kai. Kaliston ya ɗaga guntun hannun mai-takwas yana jujjuya shi, don ya kawar da zancen. Ya ce, "Dubi wannan wawa. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya jefe shi da mashi. An zura tulu a ruwa da igiya, ya ga rami mai duhu, ya shige da ƙafarsa yana murna ya sami gida. Ana jan igiya, maimakon ya fito ya gudu, sai ya ƙara maƙalewa a ciki. Har kan wuta yana riƙe da tulunsa."

Kowa a Kalidira ya san haka ake kama mai-takwas, Timanto ma ya sha zura tulu da ƙuruciyarsa. Sai dai tun ranar da dodon nan ya bayyana aka ce masa bawan gunki, ba wanda ya sake kallonsa a matsayin abin da ake gasawa. Timanto ya ƙura wa akushin ido. Ya miƙe tsaye ba sallama.

"Ina zuwa kuma?"

"Neman tulu, Yaya."

Akwai wata al'ada a Kalidira. Duk sarkin da ya hau gado, aikinsa na farko shi ne ya sa a sassaƙa masa jirgin gawa, wanda za a ɗauki gawarsa a ciki zuwa tsibirin da ake binne sarakuna. Jirgi ne ƙato, na katako mafi kauri, rufe ruf ta sama kamar ɗaki, ba taga, sai ƙofa guda mai sakatar tagulla. Sun yi imani sarkin da aka binne ba a jirginsa ba, kurwarsa ba za ta ƙetare ba, za ta yi ta yawo a bakin gaɓa har abada. Na Nikomas ya fi na duk kakanninsa girma, kuma kowace shekara da kansa yake zuwa ya ga an shafe shi da mai.

Timanto ya nemi a tara majalisa, ya faɗi gaban Sarki ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abu uku nake roƙo. A ba ni bijimin da aka ajiye wa gunkin teku. A ba ni tsohuwar hasumiyar da ke kan dutsen mashigi in rushe. Na ukun kuwa, harshena na jin nauyinsa. A ba ni jirginka." Sannan ya zayyana musu dabarar tun daga farko har ƙarshe.

Waziri ya tafa hannu. "Kun ji! Jiya ya kashe mana matuƙa, yau kurwar Sarki yake so ya salwantar. Zaki, ɗan'uwa rabin jiki ne, mun sani, amma ba a fansar bawa da lahirar ubangidansa. Dodon da gunki ya aiko za a kama da dabarar masunta?"

Sarki ya juya wajen Uwar Tsafi, tsohuwar da ke kula da ɗakin gunkin teku. Ta ce, "Na ƙona turare da asuba, hayaƙi ya kwanta ya nufi mashigi. Abin da na gani ke nan, ban ga fushi ba, ban ga murna ba. Bijimi kuwa dama na teku ne. Ko ta wace hanya ya bi, tekun zai je."

Aka bar Sarki da nasa. Timanto na durƙushe yana kallon tsohon, ya san abin da ya roƙa ba ƙarami ba ne. Can Sarki ya ce, "Tun ina saurayi nake tanadin jirgin nan, kuma ba na ɓoye muku, ina tsoron bakin gaɓar nan da ake faɗi. Amma na yi tunani. Sarkin da ya ɗaure wanda ya tsare masa ganuwa ya miƙa wa maƙiyi, in ya ƙetare ma, da wace fuska zai gaida kakanninsa? Sarkin Ruwa, ɗauki jirgin. In ya zama tulu, to ya zama."

Aka shiga aiki ba kama hannun yaro. Aka tattaro igiyoyin duk jiragen da ke gari aka tufka su suka zama manya, aka ɗaura a gindin jirgin gawa. Aka ja shi can kusa da mashigi ta inda ruwa bai cika zurfi ba, aka zuba masa duwatsu ya nutse, rufinsa kawai ke leƙowa, ƙofarsa a buɗe tana kallon kogon dodo. Bakin igiyoyin kuwa aka jawo su har kan yashin da ake fitar da jirage.

Ranar da aka gama ita ce ranar da wata ya tsaya. Manzon Gorgas ya iso da sassafe da igiyarsa a kafaɗa, Sarki ya ce a ba shi wurin zama a bakin teku, ya jira zuwa faɗuwar rana. Aka fito da Kaliston da marinsa aka zaunar kusa da manzon. Duk wanda ke iya tsayuwa da ƙafarsa a Kalidira ya sauko ya kama igiya, maza da mata, banda masu gadin ganuwa.

Da rana ta take tsaka, aka yanka bijimi aka ɗora a wani tsohon kwalekwale, aka tura shi iska ta kai shi nesa da kogo. Jini ya bi ruwa. Ba a jima ba teku ya yi baƙi a wuri guda, dodo ya fito yana miƙa hannaye, ya bi kwalekwalen ya rungume. Timanto na cikin ƙaramin jirgi a bayan wani dutse, ya ɗaga jan ƙyalle. Mutanen da ke saman dutsen mashigi suka zare turakun da suka tokare hasumiya da su, ta taho gaba ɗaya ta rufta a bakin kogo. Ƙarar ta kai har sansanin Gorgas.

Dodo ya saki bijimi ya komo a guje, ya tarar ba gida. Ya lalubi duwatsun nan, ya ture wannan ya ja wancan, ba hanya. Ga rana ta haske ruwa har ƙasa, abin da irinsu suka fi ƙi ke nan. Ya yi ta kai da kawowa, launin jikinsa na sauyawa, har wani hannu nasa ya taɓa bakin ƙofar jirgin gawa. Hannun ya shiga ya laluba, na biyu ya bi shi. Timanto ya ga ƙaton kan nan ya matse ya tsiyaye ta ƙofar da mutum biyu ba za su shiga a jere ba, har ya ɓace a ciki.

Ya sake ɗaga ƙyalle, aka buga tambari, gari ya ja.

Masu zura tulu sun san ƙa'ida: ba a fizga, ba a kuma tsayawa. In igiya ta yi sako-sako, abin da ke ciki sai ya ga hatsari ya wuce, ya sulale ya fita. Jirgi ya taho a hankali yana jan ƙasa, mutane na ja da baya taku bayan taku, tambari na ba su lokaci. Sun ci rabin hanya sai igiya ɗaya ta tsinke, mutanen da ke kanta suka zube a yashi, jirgi ya tsaya cik. Wani hannu ya leƙo daga ƙofa yana lalube, na biyu na biye.

Timanto bai tsaya shawara ba. Ya sa aka matsa da ƙaramin jirginsa, ya ɗauki gudumar maƙera ya yi tsalle ya dira a kan rufin. Ya shiga dukan katako da iya ƙarfinsa, yana ihu, jirgin na amsawa kamar ganga. Hannun ya wuce ta gefen ƙafarsa, ya ji sanyinsa a idon sawu, bai daina duka ba. Dodo ya ji duniyar waje ta fi ta ciki tashin hankali, ya janye hannayensa ya ƙara lafewa.

A bakin gaɓa kuwa, Sarki Nikomas ya jefar da sandarsa ya kama igiya da hannayensa na tsufa. Kaliston ya taso da mari a ƙafa yana tsalle-tsalle ya kama bayansa. Waziri Difilo ya duba hagu ya duba dama, ya ga inda iska ta kaɗa, ya naɗe hannun riga shi ma ya kama, kuma an ce daga baya ba wanda ya kai shi ba da labarin yadda ya ja. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Jirgi ya motsa, ya taho, ya hau kan yashi ruwa na tsiyaya daga jikinsa.

Timanto ya zamo daga rufi ya banko ƙofa. Wani hannu da ya fara fitowa ya datse, guntunsa ya faɗi a yashi yana murɗawa, aka zura sakatar tagulla. Aka jibga itace da ƙaro da ɗan man zaitun da ya rage a gari, aka cinna wuta. Jirgin ya yi ta girgiza, can ya daina.

Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, gari ya ɗauka gaba ɗaya. Mutane na rungumar waɗanda ba su sani ba, wasu na dariya hawaye na zuba, wasu sun kwanta a yashi kawai suna kallon sama suna maida numfashi. Kafin wutar ta ci rabi, jiragen alkama sun ga hayaƙi sun ga mashigi fayau, suka shigo a jere, mayaƙa tsaye a kansu garkuwoyi na walƙiya. Yara suka ruga cikin ruwa har ƙugu suna tarye su.

Sarki ya tsaya yana kallon jirginsa na ci, tafin hannunsa na jini. Uwar Tsafi ta matso za ta yi masa jaje, ya ce, "Bari, Inna. Yau na fi kowace rana jin sauƙi a ƙirjina. In na mutu ku ɗauke ni a jirgin alkama."

Sannan ya sa aka kira manzon Gorgas, wanda tun ɗazu bakinsa ke buɗe. Wannan karon ba wanda ya ce masa ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi da kansu. Timanto ya zare igiyar daga kafaɗarsa, ya ɗaure guntun hannun dodo da ita, ya rataya masa a wuya. Sarki ya ce, "Ka zo da igiya, ba za ka koma da ita wofi ba. Ka gaya wa ubangidanka wannan ne ya tsare mana ƙofar ruwa, ga abin da ya rage nasa. Gobe da hantsi za mu buɗe ƙofar tudu, kuma Kaliston da yake nema shi zai fara fitowa. Ya tsaya ya karɓe shi in yana so."

Maƙeri ya zo zai cire marin, Timanto ya karɓi gudumar ya ce shi zai yi. Ya durƙusa a gaban wansa, ya buga sau ɗaya ƙarfen ya buɗe. Sai a lokacin ƙarfinsa ya ƙare. Ya zauna daɓas a yashi, ya kifa kai a gwiwar Kaliston yana kuka kamar yaro, bai damu da fadawan da ke kallo ba. Daɗi ne ya yi masa yawa, ya rasa inda zai sa shi.

Kaliston ya dafa kan ƙanensa. Ya ce, "Kai dai ba ka jin magana tun kana ƙarami. Yara na ce ka riƙe mini, ban ce ka hau kan dodo da guduma ba."

Timanto ya ɗago, ya share fuska da bayan hannu. Ya ce, "Riƙe abinka da kanka, Yaya. Na gwada yi wa ƙaramar labari jiya, ta ce ban iya ba, sai dai a kira babanta."